Kwana Bakwai A Ƙasar Andalus: Shiri Da Guzuri Ga Mai Niyyar Ziyara

 

Ya 'yan'uwa masu karatu, a wannan zamani tafiya ƙasashen waje ta daina zama abin mamaki a karkararmu. A Rano da Kibiya, da Rurum da Tarai, akwai 'yan kasuwa waɗanda fatauci ya saba kai su ƙetare, akwai kuma ma'aikatan gwamnati waɗanda sukan sami hutun shekara su rasa inda za su kai shi. Wasunsu sukan tambaya cewa, in mutum yana da mako guda da ɗan abin hannunsa, yana kuwa sha'awar ganin wata ƙasa ta Turai, ina ya fi dacewa ya nufa? Shawarata ita ce kudancin ƙasar Sifaniya, watau yankin nan na bakin teku da muke karantawa a littattafai da sunan Andalus. Musulmi sun shige ta a shekara ta 711, daidai da 92 bayan Hijira, a ƙarƙashin Ɗariƙu ɗan Ziyadu, mulkinsu kuma bai ƙare a cikinta ba sai a 1492. Mako guda ya isa a ga manyan biranenta huɗu, da sharaɗin an tsara tafiyar tun daga gida.

ABIN DA YA HAƊA MU DA ITA

Wanda ya taɓa zama a zauren malami a Rano ko Kibiya ya riga ya ci gajiyar Andalus, ko da bai san sunanta ba. Ishiriniyar nan da ake rerawa a watan Mauludi, mai ita Alfazazi, wanda ya rasu a 1230, haifaffen Ƙurɗuba ne. Muwaɗɗa ta Imamu Malik da muke karantawa ruwayar Yahaya ɗan Yahaya Allaisi ce, malamin Ƙurɗuba, wanda ya rasu a 848. Ibnu Malik mai Alfiyya, wadda duk mai neman nahawu sai ya bi ta kanta, mutumin Jayyan ne. Alƙali Iyal mai Ashafa, littafin da ake karantawa da azumi, an haife shi a Sabta, ya kuma yi alƙalancin Garnaɗa. Tuhfar da alƙalanmu suka daɗe suna yanke hukunci da ita, Ibnu Asim ne ya nazamta ta, babban alƙalin Garnaɗa, wanda ya rasu a 1426. Haka nan Tafsirin Ƙurɗubi, da Shaɗibiyya ta masu ilimin ƙira'a. Kai, har rubutun allonmu, wanda yake sa wa fa'un ɗigo ɗaya a ƙasa, ƙaf kuma ɗigo ɗaya a sama, irin na mutanen Magrib da Andalus ne.

Mutane ma sun yi ta kai da kawowa. Abu Is'haƙa Assahili, mutumin Garnaɗa, ya haɗu da Sarkin Mali Mansa Musa a aikin Hajjin 1324, ya biyo shi, ya rasu a Tambutu a 1346. Hasanul Wazzan, shi ma haifaffen Garnaɗa, ya ambaci Kano da Katsina da Zazzau da Zamfara da Gobir a littafinsa da aka buga a ƙasar Italiya a 1550. In mai karatu yana son ya auna zamani da zamani, to, sa'ad da Bagauda ya hau sarautar Kano a 999, bisa lissafin da aka saba yi, Ƙurɗuba tana kan ganiyar ƙarfinta a hannun Almansur ɗan Abi Amir. Sa'ad da Garnaɗa ta faɗi kuwa, Muhammadu Rumfa ne yake sarautar Kano.

Ɗan kasuwa zai ji kalmomin da ya sani a bakin mutanen ƙasar. Shugaban gari suna ce masa alcalde, asalinta kuwa ɗaya da alƙali namu. Mutumin Rano, wanda tarihin Hausa Bakwai ya ba garinsa da Kano sarautar baba saboda rini, zai so ya san cewa shuni a harshensu añil ne, daga Larabcin annil. Ƙurɗuba kuma ta shahara da jima har aka sa wa wata irin fata sunanta, kamar yadda jar fatar akuyar ƙasar Hausa ta riƙa ƙetare Sahara ana sayar da ita a Turai da sunan fatar Maroko.

KAFIN A ƊAURE KAYA

Akwai hisabin da ya kamata mutum ya yi da kansa tun bai nemi fasfo ba. Wanda bai sauke farali ba, alhali abin da ya tara zai iya kai shi Makka, Hajji ne a gabansa. Wanda ake bi bashi wanda lokacin biyansa ya yi, ko bai fitar da zakka ba, ko bai bar wa iyalinsa abin da za su ci ba, ya fara da waɗannan. Ba a cin bashin ruwa domin yawon buɗe ido. Ma'aikaci kuma ya nemi izinin hutunsa ta hanyar da ta dace, ya yi tafiyar da guminsa, kada ya laƙaba mata sunan aikin ofis domin baitulmali ya biya.

Sa'an nan a gyara niyya, domin hukunci yana rataye da ita. Alƙur'ani mai girma ya kwaɗaitar a wurare da dama a yi tafiya a bayan ƙasa a dubi yadda ƙarshen mutanen farko ya kasance. A cikin Mukhtasar na Shaihu Halilu kuwa, an sharɗanta wa mai yin ƙasaru kada tafiyarsa ta zama ta saɓo ko ta wasa kawai. Ashe ke nan mutum biyu suna iya zama a kujera ɗaya cikin jirgi ɗaya, ɗaya yana da rangwamen shari'a cikakke saboda ya fita neman ilimi da wa'aztuwa, ɗayan kuwa an karhanta masa. In tafiyar ta ƙungiya ce, a naɗa shugaba guda kamar yadda Sunna ta koyar, a kuma damƙa lissafin kuɗi ga wanda aka yarda da amanarsa.

BIZA, LOKACI DA GUZURI

Sifaniya tana cikin ƙasashen Turai masu biza ɗaya, wadda ake kira ta Shengen. Tana da ofishin jakadanci a Abuja da ƙaramin ofishi a Legas. Ana karɓar takardun nema tun daga wata 6 kafin tafiya, kada kuma a yi jinkiri har ya rage ƙasa da kwana 15. Hikima ita ce a fara da wata biyu ko uku. Kuɗin bizar babba ya koma yuro 90 tun watan Yuni na 2024. Ana bukatar inshorar lafiya wadda ta kai yuro 30,000, da shaidar masauki, da tikitin zuwa da dawowa, da bayanin ajiyar banki, da takardar wurin aiki ko ta rajistar kasuwanci. Fasfo kuma ya zama yana da sauran rai na aƙalla wata 3 bayan ranar fitowa. Wanda ya shiga da tsabar kuɗi yuro 10,000 ko fiye, wajibi ne ya bayyana wa 'yan kwastan.

A nan akwai maganar da ba za a tsallake ba. Biza alkawari ce ta aminci tsakanin baƙo da masu ƙasa, Musulmi kuwa ba ya saɓa alkawari. Kada a gabatar da takardar ƙarya, kada kuma wanda aka ba mako biyu ya ɓace a cikin gari. Duk wanda ya yi haka ya ci amana, ya kuma rufe ƙofa ga na bayansa.

Game da lokaci, kada wani ya ce ai Turai ce, sanyi ne. Ƙurɗuba da Ishbiliya sukan haura digiri 40 a watannin Yuli da Agusta, har an taɓa auna 47.6 a lardin Ƙurɗuba a Agustan 2021. Mafi daɗin lokaci shi ne Afrilu da Mayu, ko kuwa Oktoba. Sai dai a kauce wa makon Ista da bikin Afrilu na Ishbiliya, domin masauki yakan yi tsada ƙwarai. Daga ƙarshen Maris zuwa ƙarshen Oktoba agogonsu yana gaban namu da awa ɗaya, sauran watanni kuwa daidai muke. Daga ƙasarmu akan bi jirgi mai yada zango a Alƙahira ko Kasabalanka ko Istambul, a sauka a Madrid, babban birninsu.

Kilishi da dambun nama da man shanu a bar su a gida, domin dokar ƙasashen ta hana matafiyi shiga da nama da kayan madara. A ɗauki ƙaramar buta da darduma marar nauyi, da takalmin da ya saba da ƙafa, saboda tsofaffin unguwanni lunguna ne na dutse waɗanda mota ba ta shiga. A kuma yi hattara da 'yan sane a tashoshi da wuraren cunkoso.

SALLA DA ABINCI

Tafiyar ƙasaru a mazhabarmu burudu huɗu ce, watau mil 48, kimanin kilomita 80. Tun da nisan da aka nufa ya ninka haka, mutumin Kibiya zai fara ƙasaru da zarar ya wuce gidajen garinsu na ƙarshe, ba sai ya isa filin jirgin saman Malam Aminu Kano ba. Abin da yake yanke ƙasaru shi ne niyyar zaman kwana huɗu cikakku a wuri guda. A tsarin da zan kawo babu garin da za a wuce kwana biyu, saboda haka raka'a bibbiyu ne har a komo. Jumma'a ba ta wajaba a kan matafiyi, amma in ya halarta ta isar masa.

Alƙibla a ƙasar Hausa gabas ce da ɗan karkata arewa. A Andalus kuwa gabas ce da ɗan karkata kudu. Kada a yi koyi da mihrabin tsohon masallacin Ƙurɗuba, domin ya karkata kudu sosai. Lokutan salla ma sun saɓa da namu, saboda ƙasar ta yi nisa arewa. A watan Yuni rana ba ta faɗuwa sai wajen ƙarfe tara da rabi na dare, lisha kuwa sai bayan sha ɗaya. A nemi jadawalin masallacin garin da aka sauka.

Abinci yana bukatar lura, domin mutanen ƙasar masu son naman alade ne, ana ganin cinyoyinsa a rataye a kantuna. A haddace kalmomi uku a rubuce: cerdo shi ne alade, jamón busasshiyar cinyarsa, manteca kuwa kitsensa, wanda sukan sa har a kayan zaƙi. Sukan kuma zuba giya a wasu miyoyi. Mafita ita ce kifi, ga shi kuwa da yawa, kuma dabbobin ruwa halal ne a mazhabar Malik. Ga zaitun da lemo da burodi da ƙwai. A kowane birni daga cikin huɗun nan akwai gidajen abinci na Musulmi, yawancinsu mutanen Maroko.

HANYAR DA ZA A BI

Shawarata ita ce a bi biranen bisa jerin yadda suka fita daga hannun Musulmi: Ƙurɗuba 1236, Ishbiliya 1248, Malaƙa 1487, Garnaɗa 1492. Wanda ya bi su haka zai karanta tarihin da ƙafarsa daga farko zuwa ƙarshe. A wurin sayen tikiti za a ga sunayensu na yanzu, watau Córdoba, Sevilla, Málaga da Granada. A sauka Madrid ranar Lahadi, a kwana biyu a Ƙurɗuba, biyu a Ishbiliya, ɗaya a Malaƙa, biyu a Garnaɗa, a koma Madrid wata Lahadin.

ƘURƊUBA

Jirgin ƙasa mai gudun tsiya, wanda aka buɗe hanyarsa a 1992, yana kai mutum daga Madrid zuwa Ƙurɗuba cikin ƙasa da awa biyu. Ranar Litinin ta babban masallaci ce. Abdurrahman Addakhil, ɗan gidan Banu Umayya da ya tsira daga Abbasiyawa, shi ya fara gina shi wajen 785, magadansa suka yi ta ƙara masa faɗi har kusan shekara 200. Ana shiga ta farfajiya mai itatuwan lemo, inda dā ake alwala. A ciki ginshiƙai fiye da 850 ne suke tsaye sahu-sahu, a kansu bakuna masu hawa biyu, ja da fari. Mihrabin da Halifa Alhakam na Biyu ya gina yana nan da ayoyinsa a rubuce da ƙananan duwatsu masu ruwan zinariya. Shi ne halifan da masu tarihi suka ce ɗakin karatunsa ya tara littattafai 400,000.

Amma fa a sani, tun 1236 ginin ya koma coci, a ƙarni na 16 kuma aka gina babban ɗakin ibadarsu a tsakiyarsa. Masu kula da shi sun hana yin salla a ciki. Kada zafin zuciya ya sa wani ya tayar da kabbara a jawo rigima. Baƙo yana bin dokar masu gida, akwai kuma ƙaramin masallaci a lambun Kolon inda Musulmin garin suke salla. Da la'asar a gangara bakin kogin da har yau ake kira da sunansa na Larabci, Alwadil Kabir, a ga tsohuwar gada da na'urar ɗiban ruwa. A lungunan nan ne Ibnu Hazmin da Ibnu Rushdin mai Bidayatul Mujtahid suka tashi.

Ranar Talata da safe a tafi Madinatuz Zahra, kilomita 8 yamma da gari, domin ranar Litinin a rufe take. Abdurrahman na Uku, wanda ya ɗauki laƙabin halifa a 929, ya fara gina ta a 936 domin ta zama fadar mulki. Jakadun sarakuna sun zo nan suna mamaki. Ba ta cika shekara 80 ba aka washe ta, kuma ba abokan gaba na waje ne suka yi ba, fitina ce ta ɓarke tsakanin Musulmi kansu daga 1009. A 1031 halifanci ya rushe, ƙasa ta tsage gida fiye da 20, kowane gari da sarkinsa. Ma'aikacin gwamnati ya daɗe a wannan kufai yana tunani.

ISHBILIYA

Daga Ƙurɗuba minti 45 ne a jirgin ƙasa. Waɗancan ƙananan sarakuna sun kai ga biyan sarakunan Kirista na arewa haraji domin a taimake su a kan 'yan'uwansu, har Ɗulaiɗila ta faɗi a 1085. Nan ne Almu'utamid, sarkin Ishbiliya, ya nemi agajin Yusufu ɗan Tashfin, shugaban Murabiɗai, mutanen Sahara masu lulluɓe fuska da rawani kamar Buzayenmu. Suka yi nasara a yaƙin Zallaƙa a 1086. Bayan shekara biyar Yusufu ya tuɓe Almu'utamid, ya kai shi Agmat ta ƙasar Maroko, can ya rasu a tsare.

Abin da ya fi tsayawa a ido shi ne hasumiyar da Muwahhidai suka gina daga 1184 zuwa 1198, wadda yanzu ake kira Giralda, aka kuma ɗora mata ƙararrawa a kai. Ba matakala ake takawa ba, gangare ne yake kewayawa har sama, an ce domin ladani ya hau a kan dabba. Masallacin nata an rushe shi an gina coci, sai farfajiyar alwala ta rage. Kusa da nan akwai fadar Alƙasar, inda Sarki Fedro, Kirista, ya sa magina Musulmi suka yi masa gini a 1364, da rubutun Larabci a bango. Wajen wannan sarki ne aka aiko Ibnu Khaldun jakada daga Garnaɗa.

'Yan kasuwa su tuna da Ibnu Abdun, mutumin wannan birni, wanda ya rubuta risala a kan hisba a farkon ƙarni na 12. Ya yi bayanin mudu da sikeli, da aikin mahauta da masu burodi, da tsabtar hanya. Wanda ya san yadda ake rigima a kan mudu a kasuwannin hatsinmu zai ga cewa ciwon tsoho ne, maganinsa ma a rubuce yake tun tuni.

MALAƘA

Ranar Alhamis da sassafe a kama hanyar bakin teku, tafiyar kamar awa biyu. Malaƙa ita ce tashar jiragen ruwa ta daular Garnaɗa. Ibnu Baɗuɗa ya ziyarce ta ya yaba 'ya'yan itatuwanta, kafin ya ƙetare Sahara zuwa Mali a 1352. A hau ƙasaba, watau ganuwar fada ta ƙarni na 11, daga nan a wuce sansanin da yake bisa dutse, a hangi Bahar Rum shimfiɗe. A babbar kasuwar gari akwai ƙofar dutse ta zamanin Musulmi, ragowar wurin da ake ƙera jiragen ruwa. A 1487 an kewaye birnin wata uku, da ya faɗi aka bautar da mafi yawan mutanensa.

Bakin teku a lokacin zafi wuri ne na tsiraici, mai kiyaye idonsa ya tsaya daga kan dutse. Ya kuma tuna cewa a bayan ruwan nan Afirka ce. A mashigin Jabalu Ɗariƙ kilomita 14 kacal ne tsakanin nahiyoyin biyu. Tekun nan ne yake cin 'ya'yan Afirka ta Yamma masu ƙetarawa a kwale-kwale ba takarda, a sa su a addu'a.

GARNAƊA

Ranar Jumma'a da safe a shiga mota, ƙasa da awa biyu an isa. A hau unguwar Albayyazin mai fararen gidaje, inda aka buɗe babban masallaci a 2003, bayan shekara 500 da ɗoriya. Tsarin mulkin ƙasar na 1978 ya ba da 'yancin addini, Musulminta kuwa yanzu sun haura miliyan 2. Daga lambun masallacin ana hangen fadar Alhamra, a bayanta ga duwatsu waɗanda sukan kai bazara da ƙanƙara a kansu. Da yamma a ga Madarasa Yusufiyya ta 1349, da masaukin fatake na ƙarni na 14, mai rijiyar shayarwa a tsakiya, ɗakunan kaya a ƙasa, na kwana a sama, tsarin da duk jikan fatake zai gane.

Asabar ta Alhamra ce. A sayi tikiti ta intanet tun makonni kafin a bar gida, domin masu ziyara sun haura miliyan 2 a shekara. Tikitin da sunan mutum yake, ana duba fasfo, kuma an rubuta sa'ar shiga fadojin ciki, wanda ya makara ya rasa. Banu Nasar ne suka fara gina ta daga 1238. A ciki akwai farfajiyar zakuna 12 masu fitar da ruwa, da rufin katako da na farar ƙasa waɗanda sassaƙarsu take ɗauke hankali. Ruwan duka ya taso ne daga kogin Darro ta wata magudana mai tsawon kimanin kilomita 6. Manomin da yake shan ruwan madatsar Tiga, wadda aka gama a 1974, ya san abin da magudana take bukata na yasa da gyara da adalcin rabo, shi zai fi kowa sanin darajar wannan aiki.

A bangon fadar an maimaita taken gidan sarautar ba adadi, ma'anarsa babu mai rinjaye sai Allah. Duk da haka, a shekarun ƙarshe Sarki Abul Hasan da ɗansa Abu Abdullahi da ƙanensa Azzagal suna yaƙar juna, abokan gaba kuwa suna cin garuruwa ɗaya bayan ɗaya. Ranar 2 ga Janairu 1492 aka miƙa mabuɗai. Yarjejeniyar ta ce za a bar Musulmi da addininsu, amma ba a yi shekara goma ba aka warware ta, aka ƙone littattafai a dandalin gari, aka tilasta wa mutane barin addini. Daga 1609 zuwa 1614 aka kori jikokinsu kimanin 300,000.

ABIN DA ZA A KOMO DA SHI

Daga Garnaɗa zuwa Madrid kamar awa uku da rabi ne a jirgin ƙasa. Tsaraba ta gari a nan abu uku ce. Na farko, Andalus ba ta rasa malamai ko dukiya ko gwanintar gini ba. Abin da ta rasa shi ne haɗin kan shugabanninta, mu kuwa jikokin Hausa Bakwai mun san abin da yaƙin gari da gari ya jawo wa kakanninmu. Na biyu, fadoji sun koma hannun wasu, amma littattafai sun ƙetare teku da hamada, har yau ana buɗe su bayan sallar asuba a zaurukan Rano da Kibiya. Mai dukiyar da yake son abin da zai daɗe bayansa ya dubi wannan, ya taimaki makaranta da malami da ɗalibi. Na uku, adalci ne a faɗa cewa mutanen Sifaniya na yau suna kula da waɗannan gine-gine, suna kuma cin abinci da su. Mu kuwa ana ɗibar ƙasar ganuwa ana yin tubali, karofi suna cikewa da shara, takardun kakanni suna cikin gafaka gara tana ci. Wanda ya kashe kuɗinsa ya je ya ga kufan wasu, ya kamata in ya komo ya zama na farko wajen tsare na garinsu.

Allah ya kai matafiyanmu lafiya, ya komo da su lafiya, ya haɗa kan shugabanninmu a kan gaskiya, ya sa mu zama masu wa'aztuwa da abin da ya sami waɗanda suka gabace mu.